Ranar da Baba Ya Shiga Ƙarƙashin Motata

A shekarar da aka mayar da ni koyarwa wata makaranta a hanyar Zungeru na sayi mota. Ba don sha'awa ba. Na gaji ne da tsayuwar bakin titi da jaka a kafaɗa, na gaji da isa makaranta ƙafafuna a kumbure tun ban shiga aji ba. Maigidana yana aiki a Kontagora, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, don haka na kwaso yarana biyu na koma gidanmu na Dutsen Kura, in kula da su in kula da Baba. Innarmu ta daɗe da rasuwa, 'yan uwana maza kuma kowa ya kama gabansa.

Baba tsohon bakanike ne. Garejinsa fili ne a bayan gidanmu, ƙarƙashin mangwaro, kuma a can muka yi wasan ƙuruciya cikin tsofaffin tayoyi. A lokacin da nake ba da labari filin ya zama wurin shanya da kiwon kajin maƙwabta. Yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, ɗayan yana ganin mutum kamar ta bayan labule, hannunsa na dama kuma yana rawa idan ya ɗauki kofi. Ranar da na kawo motar, 'yar Kwatano ce ƙarama ruwan toka, ya sa na tayar da ita ya tsaya yana sauraro.

"Inji kamar keken ɗinki," ya ce. "Allah ya tsare hanya."

Ta yi min 'yan watanni lafiya. Sai wata rana muna dawowa daga makaranta, na ɗauko abokan aikina biyu, mun tsaya mun sayi doya wurin matan Gwari mun cika but. Muna hawan wani tudu na taka totur, sai wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gabana, motar ta yi ɗan ƙara kamar na wayar hannu. Na sassauta ƙafa, fitilar ta mutu. A tudu na gaba ta sake kamawa.

Da na faɗa wa Baba bayan magariba, sai na ga ya gyara zama a kan tabarma. Rabon da in ga ya gyara zama haka don wata magana har na manta.

"Jar buta firesha ce," ya ce. "Ƙarfin baƙin mai ya faɗi. Ki saurara. Famfon man ƙarafa biyu ne masu haƙora suna cin juna. Inji ya yi gudu su yi gudu, mai ya taho da ƙarfi. Idan ƙarfin ya wuce kima, akwai ɗan bawul, 'yar ƙofa ce da sifirin ya tokare ta baya, sai ya buɗe ragowar ta koma kasko. Iyakarsa ke nan. In inji ya tsufa, mai yana zurarewa ta gefen ƙarafa, sai fitila ta riƙa kamawa idan mota ta yi zafi tana tsaye. Maganinsa mai kauri. In bai ji ba, a sa washa, ɗan zoben ƙarfe, bayan sifirin ya ƙara tauri."

"Baba, tawa ba a tsaye take kamawa ba. Sai na taka."

Ya ce, "Duk hanyarsu ɗaya."

Na gaya masa cewa a murfin da ake zuba mai an rubuta irin wanda ake so, mai tsinkakke ne kamar man gyaɗa. Ya ce wannan na ƙasashen sanyi ne, zafin Minna zai mayar da shi ruwa. Washegari muka je wurin masu juyen mai na bakin titi, yana zaune a kujerar gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi yana ba da umarni ta taga. Aka zuba mai kauri.

Akwai wanda ya kamata in kira tun farko, na kuma san da shi. Muna ce masa Yaya. Banufe ne daga Bida, mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya kawo shi wurin Baba koyon aiki tun kafin in yi wayo. A zaurenmu ya kwana shekaru, kwano ɗaya ya ci da yayyena. Da ya girma ya ce zai tafi Kaduna ya koyi gwajin mota da kwamfuta, Baba ya ce masa wanda zai tambayi na'ura abin da ke damun mota ba bakanike ba ne. Ya tafi. Da ya dawo ya buɗe nasa garejin a wajen Kpakungu. Yakan zo gaisuwar Sallah, ya durƙusa, a yi magana uku huɗu, ya tashi. Shi ma yanzu furfura ta fito masa. Na san idan na kai masa motar Baba zai ji, unguwa ba ta riƙe magana, kuma ba ni da ƙarfin zama da shirun da zai biyo baya a cikin gida.

Ƙarfina a watannin nan a ƙididdige yake. In tashi da asuba in ɗora abin kari, in tara ruwa idan na famfo daga madatsar Tagwai ya zo, idan bai zo ba in tsaya jiran mai kura. In ɗiga wa Baba maganin ido, in shirya yara, in kama hanya. In yi magana da ƙarfi a gaban aji mai cike har muryata ta dushe. In dawo in tarar da wanke-wanke da takardun da zan duba. Duk abin da zai iya jira, barinsa nake ya jira. Sai na koyi hawan tudu a hankali, manyan motoci suna danna min oda a baya, ina kallon wurin da jar butar take kamar mai tsaron tukunya.

Mai kaurin bai yi magani ba. Fitilar ta fara daɗewa a kunne, da safe kuma injin yakan yi wani ƙas-ƙas na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Baba yana jin wannan daga ɗakinsa.

Ranar wata Asabar ya ce in bar motar ta huta, in hau keke napep in je kasuwa. Ban kawo komai a raina ba. Na kai yaran gidan ƙanwar maigidana a Bosso, na shiga kasuwa, na daɗe ina yawo cikin rana. Da na dawo wajen azahar ban ga motar a ƙofar gida ba. Na zagaya baya. Tana ƙarƙashin mangwaro, an ɗaga gabanta da jak an tokare da kututture. Ashe maƙwabcinmu ya roƙa ya tura masa ita ya ɗaga, mutumin kuma ya wuce wurin aikinsa. Ƙafafun Baba ne kawai a waje, a kan tsohuwar tabarma. Bahon wankina yana gefe cike da baƙin mai. Kusoshin da ya kwance suna jere a kan tiren shayi, kaskon mai kuma yana jingine da taya. Duk da lalube ya yi wannan.

Na ajiye kayan cefane a ƙasa.

"Baba."

"Miƙo min tocila."

Na miƙa masa, ko da yake na san tocila ba za ta ƙara masa komai ba. Na durƙusa ina leƙawa. Hannunsa na hagu yana can sama cikin injin, na dama yana kan ƙirjinsa yana rawa. Mai yana ɗiga masa a gemu.

"Na taɓa famfon," ya ce. "Akwai waya a jikinsa."

Ya ƙara shafawa.

"Me waya take yi a cikin mai?"

Ba ni yake tambaya ba. Ya ci gaba da lalube na ɗan lokaci, ina jin numfashinsa. Sannan ya sauke hannu ya ce bari ya fito. Ya yunƙura, bayansa ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya yi wani ɗan nishi da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na ce ya kwanta kawai. Na kama bakin tabarmar da hannu biyu na ja. Na shirya wa nauyi, sai na ji ya taho da sauƙi har na kusa faɗuwa da baya. Wannan mutumin da yake ɗaga giyabos shi kaɗai muna yara muna kallo.

Na jingina shi da tayar baya, na kawo ruwa na wanke masa fuska. Ana kiran sallar azahar a masallacin unguwa. Ya daɗe yana kallon gabansa.

"Kira shi," ya ce.

Yaya ya zo bayan la'asar a kan babur, da jakar kayan aiki a bayansa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma.

"Maigida, barka da yamma."

"Barka kadai. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"To ga ta nan."

Yaya ya tambaye ni yadda take yi, na faɗa masa. Ya ce, "Sai ka taka shi yake kunna jar wuta?" Har yau mota namiji ce a bakinsa, ni ma "ka" yake ce min. Da can Baba yakan gyara masa. Ranar bai gyara ba. Yaya ya tsoma yatsa cikin bahon, ya murza man, ya ɗaga wajen haske ya duba. Sannan ya shiga ƙarƙashi. Ya daɗe. Na shiga gida na ɗora tuwo, na fito, na koma. Da na sake fitowa yana zaune yana wanke wani dunƙulen ƙarfe da fetur. Ya kwance murfinsa, ya shimfiɗa tsumma a cinyar Baba, ya ɗora masa. Sai ya kama yatsan Baba na hagu, wanda ba ya rawa.

"Nan tsakiya, wannan yake juyawa. Ka ji waɗannan ƙananan faranti da suka leƙo daga jikinsa? Suna shiga suna fita. Su suke kwasar mai."

"Babu haƙora."

"Babu. To wannan zoben da ya kewaye su, shi ne maganar. Yana gocewa. In ya goce gefe, filin da ke tsakanin faranti ya buɗe sosai, famfo ya kwaso mai da yawa. In ya dawo wajen tsakiya, ya kwaso kaɗan."

"Me ke tura shi?"

"Abu biyu. Man da kansa yana tura shi wajen kaɗan. Wannan kuma yana mayar da shi wajen da yawa."

Ya matsar da yatsan. Na ga fuskar Baba ta ɗan saki.

"Ashe akwai sifirin."

"Akwai."

"Wayar fa?"

"Ta wani ƙaramin bawul ce, na lantarki. Kwamfutar mota tana duba gudun inji, da zafinsa, da nauyin da yake ja. In ana tafiya a hankali ta buɗe bawul, mai ya shiga bayan zobe ya danne sifirin, firesha ta sauka. In an taka totur ta rufe, sifirin ya mayar da zobe, firesha ta hau. Akwai kuma ma'auni a jikin inji da ke gaya mata ko abin da ta nema ya samu. In bai samu ba, ta kunna jar buta."

Baba ya bi zoben da yatsa, ya kewaya, ya sake kewayawa.

"Wato namu yana ɗebowa fiye da kima ya zubar da ragowa," ya ce a hankali. "Wannan tun farko ba ya ɗebo abin da ba a buƙata."

"Haka ne. Don kada inji ya sha wahalar juya famfo a banza, ya ƙona fetur. Bawul ɗinka ma yana nan, ga shi. Amma na tsaro ne kawai, in mai ya yi sanyi ƙarfi ya yi yawa. Ko ka sa masa washa ba abin da zai canza."

"Uhm."

"Yanzu tura zoben, Maigida."

Baba ya tura da babban yatsa. Ya sa hannu biyu. Zoben bai motsa ba. Yaya ya sa bakin sukudireba ya kankaro wani abu baƙi mai danƙo kamar kwalta daga bayansa, ya shafa wa Baba a tafin hannu.

"Datti ya riƙe shi a wajen kaɗan. A tsaye kaɗan ɗin ya isa. In an taka, inji ya nemi ƙari, zobe ya kasa komawa."

"Ta gaya min," in ji Baba. "Ta ce sai ta taka."

Ina tsaye da ludayi a hannu. Ban san inda zan kalla ba, sai na kalli kaji.

"Man da na sa aka zuba ne?"

Yaya ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan dattin ya daɗe, tun wurin masu shi na farko ne. Amma hanyoyin cikin nan sirara ne, mai kauri ba ya bi da sauri." Ya tsaya. "Ya ƙara masa."

Baba ya gyaɗa kai. Ya miƙa masa famfon da hannu biyu, ya ce in taimaka masa ya tashi, zai yi alwala.

Da na raka Yaya wurin babur ya gaya min sauran. Abin da ya gani a yatsansa lokacin da ya murza man ƙyalƙyalin ƙarfe ne. Ƙarafan da ke ɗauke da sandar inji sun ciwu saboda ƙarancin mai a kan tudu, dole a sauke injin. Ya ce kayan ba a samunsu a Minna, sai ya aika. Na tambaye shi yaushe, ya ce ba zai yi min ƙarya ba, bai sani ba.

Aka ja motar zuwa Kpakungu. Na koma bakin titi, damina kuma ta kankama. Na tuna safiyoyin nan da laima a hannu ɗaya da jaka a ɗayan, mu huɗu a kujerar mutum uku, ruwa yana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Wata Bafulatana mai kai nono kasuwa takan shigo a hanya idan muna dawowa, ta ɗora ƙwaryarta a cinyata don babu wuri, ta ce min sannu Malama, in ce yauwa, barci ya ɗauke ni kafin mu yi nisa. Sau da yawa direba ne yake tashina.

A gida Baba ya daina fita ko ƙofar gida. Yana cin abinci kaɗan, yana sallah a zaune saboda bayan. Gaskiya ba ni da sauran bakin lallashi idan na dawo. Nakan ɗiga masa magani, in ce Allah ya ƙara sauƙi, in wuce.

Wata safiya na fito da jaka na same shi a zaure ya shirya, da hula da sanda, tsohuwar rigar garejinsa tana leƙowa ta ƙarƙashin ta sama.

"Ki sauke ni wurin motar."

"Baba, ba hanyata ba ce. Zan makara."

"Sai ki makara yau, gobe mu fita da wuri."

Goben ce ta tsaya min a rai. Muka hau keke, na kai shi. Yaya ya fito da sauri, ya jawo wata kujerar bas da aka cire ya ajiye masa a inuwa kusa da injina da ke kwance a kan tebur. Na bar su na tafi, na makara, shugaban makaranta ya yi min magana a gaban mutane.

Tun daga ranar ya zama aiki a cikin ayyukana. Na rage barcin asuba don mu fita da wuri, da yamma kuma in biyo ta Kpakungu cikin cunkoson nan na shataletale in ɗauko shi. Kayan wanki suka ƙaru, don ba ya dawowa ba tare da baƙin mai a hannun riga ba. Yana nan zaune aka haɗa injina. Yaya ya ce Baba ne ya riƙe famfon bayan an wanke, yana tura zoben yana sakewa, yana jin yadda sifirin ke mayar da shi, har sai da aka ce a kawo za a ɗaura. Shi ne kuma ya ce a nuna masa galan ɗin man kafin a zuba, ya ɗiga a yatsa ya murza, ya ce kamar ruwa, sannan ya ce a zuba.

Na ɗauka idan motar ta dawo zai haƙura. Ta dawo, fitilar ba ta sake kamawa ba, shi kuma bai fasa zuwa ba. Na taɓa tambayar Yaya a gefe ko Baba yana taimaka musu ne da gaske. Ya yi ɗan murmushi.

"Wani lokaci yana ji da kunne abin da kwamfuta bai gani ba. Wani lokaci kuma yana ɓata mana lokaci sosai." Ya ɗaga kafaɗa. "Ka bar shi ya zo."

Ban ce ba zan bar shi ba. Ina dai so wani ya tambaye ni ko zan iya.

Akwai wata yamma a ƙarshen zangon karatu da nake yawan tunawa. Na iso garejin da tarin takardun jarrabawa a kujerar baya, kaina yana sarawa, ban ci komai ba tun safe. Na hango su can ciki sun sunkuya a kan wani inji, Yaya yana riƙe da hannun Baba yana kai shi wani wuri. Na yi oda sau ɗaya, ba wanda ya juyo. Na kashe motar, na jawo takarda ɗaya in fara dubawa, na kifa kai a kan sitiyari don in huta idona kaɗan.

Ƙwanƙwasa gilashi ne ya tashe ni. Rana ta yi ƙasa, takardar ta faɗi wajen ƙafata. Yaya ne a tsaye.

"Maigida ya ce ka ɗan ƙara jira. Mun kusa gamawa."

Na ce to. Na sauke gilashin don iska ta shigo, na sunkuya na ɗauko takardar.